Daga Aljihu Zuwa Tsirkiya: Lissafin Kusurwa a Bakin Mai Jin Hausa

Na san halinmu mu 'yan sashen Hausa. Da zarar ɗayanmu ya buɗe shafi ya ga lambobi sun yi layi, sai ya yi maza ya juya, domin in za a faɗi gaskiya da yawa daga cikinmu ba son Hausa kaɗai ya kawo mu nan ba, har da gudun lissafi. To, ina roƙon mai karatu ya ɗan daure mini. Lambobin da ke cikin wannan rubutu ba su fi ƙarfin wanda ya iya ƙirga canjinsa a hannun mai Keke Napep ba, kuma maganar da na ɗauko magana ce ta harshe tun daga tushenta, duk da cewa rigar lissafi ta sanyo.

Bari in fara da kalmar da kowa ya sani, wato aljihu. Duk wanda ya zauna a darasin kalmomin aro ya san daga Larabci Hausa ta samo ta. Larabawa na cewa jaib, wato wuyan riga ko buɗaɗɗen wurin da ke ƙirjinta inda ake cusa abu, sai Bahaushe ya ɗauke ta haɗe da al ɗin da ke gabanta, kamar yadda ya yi wa alƙalami da albasa da alkama da almakashi. A wasu garuruwan ma aljifu ake cewa. Wannan ba sabon labari ba ne. Abin da ya ba ni mamaki shi ne da na gano cewa maɓallin nan da ke jikin kalkuleta wanda aka rubuta wa sin, wanda ya hana da yawanmu barci a babbar sakandare, shi ma sunansa aljihu. Uwa ɗaya uba ɗaya suke da aljihun wandona.

Ga yadda abin ya faru. Masana taurari na ƙasar Indiya ne suka fara aiki da wannan ma'auni, suna kiransa jya ko jiva da harshen Sanskirit, ma'anar kalmar kuwa ita ce tsirkiyar baka. Da Larabawa suka fassara littattafansu ba su fassara kalmar ba, sai suka are ta yadda take, suka ce jiba. To amma da baƙaƙe uku ake rubuta ta, jim da ya da ba, babu wasali. Duk wanda ya taɓa fama da tsohuwar takardar ajami wadda ba a yi wa wasali ba ya san abin da zai biyo baya. Mai karatu ya ga baƙaƙe uku, bai san baƙuwar kalma ba, sai ya karanta wadda ya sani, jaib. A ƙarni na 12, lokacin da masu fassara a ƙasar Sifen suke juya littattafan Larabci zuwa Latin, sai suka nemi kalmarsu mai ma'anar lanƙwasar riga a ƙirji, suka samu sinus. Daga nan Ingilishi ya gutsure ta, ta iso mana a allon aji muna cewa sayin, ba tare da mu ko malamin mun san dangantakarta da aljihu ba, balle da baka.

Alhali kuwa baka shi ne dukkan hoton. Mai karatu ya zana da'ira a ransa, ya ce daga cibiyarta zuwa bakinta mita ɗaya ne. Ya yanki wani ɓangare na bakin da'irar: ga baka. Ya haɗa ƙarshensa biyu da miƙaƙƙen layi: ga tsirkiya. Ya ja wani layin daga cibiya ya ratsa tsakiyar tsirkiya har ya taɓa tsakiyar baka, wannan ita ce hanyar kibiya, kuma ta raba komai biyu. Rabin bakan yana fuskantar wata kusurwa a cibiya, rabin tsirkiyar da ke ƙarƙashinsa kuwa shi ne sayin na wannan kusurwa. Shi ke nan. Larabawa ma da sunayen kayan harbi suka riƙa kiran waɗannan layuka, ƙaus da watar da saham, wato baka da tsirkiya da kibiya. Daga wannan hoto abu ɗaya yana fitowa fili ko ga wanda bai taɓa shiga aji ba: in bakan bai lanƙwashe sosai ba, tsawonsa da tsawon tsirkiyarsa kusan ɗaya ne. In an ƙara tanƙwara shi, sai tsirkiya ta fara gaza masa.

Yanzu sai in faɗi abin da ya kai ɗalibin Hausa wannan jeji. Ni ba Bahaushe ba ne. Iyayena mutanen Dass ne, Jaranci muke yi a gida, Hausa kuwa a layin unguwarmu ta Yelwa a Bauchi na tsince ta, kamar yadda dubban yara irina suka yi. Da na ce Hausa zan karanta a jami'a an yi dariya a gida ba kaɗan ba. Yayana, wanda da sana'arsa ta walda yake ɗaukar rabin kuɗin makarantata, har yau Malam Bahaushe yake kirana, kuma in na dawo hutu tambayarsa ɗaya ce: "Malam Bahaushe, bana me aka koyo, tatsuniya ko kacici-kacici?" Ba da mugun nufi yake faɗa ba. Sai dai a ƙarƙashin wasan akwai tambaya ta gaske, wato me wannan karatu zai tsinana wa mai yankan ƙarfe.

Tun da rashin tsayayyar wuta ya sa mutane suka koma wa sola, babban aikin shagonsa ya zama haɗa firam ɗin ƙarfe da ake ɗora farantan sola a kai. Ba a kwance ake shimfiɗa su ba. Bauchi tana kan digiri 10 da 'yan kai arewa da layin Ikwaita, saboda haka sau biyu a shekara rana ke tsayawa daidai tsakar kanmu, wajen tsakiyar Afrilu da kuma ƙarshen Agusta. Daga ƙarshen Agusta har zuwa tsakiyar Afrilu kuwa, wato mafi yawan shekara, ta kudu take karkata da tsakar rana. Shi ya sa ake fuskantar da faranti kudu, a ɗaga bayansa da digiri 10 zuwa 15, wanda kuma yake taimaka wa ruwan sama ya wanke ƙurar da hunturu ya bari. Tambayar mai walda ita ce: ƙafar baya za ta fi ta gaba tsawo da nawa? Amsar ita ce tsawon faranti sau sayin na kusurwar.

Yayana bai san sunan sayin ba, amma yana da ƙa'ida da ya gada daga ubangidan da ya koya masa aiki. Ga kowane digiri, ga kowace mita, a ɗaga santimita ɗaya da kwata uku. Faranti mai mita 2 a kan digiri 10, santimita 35 ke nan, ya zana da alli ya ce wa yaran shago su yanka. Kuma tana yi masa aiki. Sai dai ya ce mini ƙa'idar tana da ciwo: in gangaren ya yi tsanani, kamar na matakalar bene ko jinkar rumfa, sai ta fara ƙarya. A kan digiri 30, ƙarfe mai mita 3 ƙa'idar za ta ba shi sama da santimita 157, alhali 150 ake bukata. In an riga an liƙa kafin a gane, sai an sake yankewa, ga asarar wayar walda, ga man janareta, ga mai aiki yana tsaye yana huci. Ido ba mudu ba, amma ya san kima, saboda haka in ya ga gangare ya yi yawa yakan rage wani abu da ido. Abin da idon bai gaya masa ba shi ne daidai inda ƙaryar take farawa, da kuma girmanta.

Ina da aboki da ke karatun lissafi a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai na kai masa maganar. Ya yi dariya, ya ce ai wannan darasin shekarar farko ne, ya ɗauki biro ya fara zubo Turanci. Na ce masa a'a, da Hausa za ka faɗa mini, domin shagon walda zan kai ta, kuma in ban iya maimaita ta da Hausa ba to ban gane ta ba. Yamma uku muka yi a kai. Shi yana da lissafin, ni ina da naci a kan kalma, kuma sau da yawa in na ce masa "me wannan ke nufi?" sai ya yi shiru ya daɗe kafin ya amsa, ya ce bai taɓa tambayar kansa ba.

Matakin farko shi ne a daina auna kusurwa da digiri, a auna ta da tsawon bakan da ke fuskantarta a da'irar nan mai mita ɗaya. Zagayen da'irar duka mita 6.2832 ne, kuma digiri 360 ne, saboda haka bakan digiri ɗaya tsawonsa 0.01745 na mita, wato santimita 1.745. Mai karatu ya ga inda ɗaya da kwata ukun Yaya ta fito. Ƙa'idarsa cewa kawai take yi: ɗauki tsawon baka a matsayin tsawon tsirkiya. Mataki na biyu shi ne gyaran wannan magana. In muka kira tsawon baka b, to sayin ɗinsa shi ne

b − b³/6 + b⁵/120 − b⁷/5040 + …

har abin da ba shi da ƙarshe. Kada ƙananan lambobin da ke sama su tsorata kowa: b³ na nufin b sau b sau b, b⁵ kuwa a jera b sau biyar ana ninkawa. Lambobin ƙasa ma ba daga sama suka faɗo ba. 6 ita ce 1 sau 2 sau 3, 120 ita ce a ci gaba da ninkawa har 5, 5,040 har 7, mai bi mata kuwa 362,880. Kowane yanki na wannan jeri na kira shi gaɓa, kamar gaɓar rake. Gaɓar farko ita ce ƙa'idar shago. Ta biyu ragi ce, ta uku ƙari, ta huɗu ragi, haka dai.

Mun gwada shi a kan digiri 30, domin wannan kowa ya san amsarsa rabi ce cif, wato 0.5. Bakan digiri 30 shi ne 0.5236. Gaɓar farko ke nan, kuma ta wuce rabi. Gaɓa ta biyu ta ce a cire 0.0239, sai muka sauko 0.4997, mun gaza rabi da ɗan kaɗan. Ta uku ta ce a ƙara 0.000328, sai muka hau 0.500002, mun sake wucewa amma da abin da ko allura ba za ta nuna ba. Ina kallon lambobin suna hawa suna sauka, sai na ce wa abokina: ai wannan ciniki ne.

Kowa ya san yadda ake yi a kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti. Mai kaya ya ce dubu goma. Mai saye ya taya dubu shida, a ce masa albarka. Mai kaya ya sauko dubu takwas da ɗari biyar, mai saye ya hau dubu bakwai da ɗari biyar. Wanda ke tsaye a gefe yana saurare bai san nawa za a sallama ba, amma ya san abu biyu tabbas. Ya san farashin yana tsakanin maganganu biyu na ƙarshe, kuma ya san in ya ɗauki ɗaya daga cikinsu a matsayin farashi, ba zai kauce da fiye da naira dubu ɗaya ba, wato tazarar da ke tsakaninsu. Wannan sani yana da sharaɗi: kada wani ya janye maganarsa. In mai kaya ya fusata ya koma dubu goma sha biyu, lissafin na gefe ya rushe. Haka jerin nan yake. Muddin gaɓoɓin suna yin ragi da ƙari bi da bi, kuma kowace tana gaza wadda ta gabace ta har su doshi sifili, to amsar gaskiya tana tsakanin tsayawa biyu na ƙarshe, kuma duk inda ka tsaya, abin da ya rage maka bai kai girman gaɓar farko da ka bari ba. Masana lissafi suna danganta wannan hujja ga Leibniz, Bajamushe. A jerin sayin sharaɗin yana cika tun daga gaɓar farko ga duk kusurwar da ba ta wuce digiri 90 ba. Bambancinsa da kasuwa guda ne: a nan babu ranar da za a ce "na sallama". Kai ne za ka dubi tazarar ka ce ta ishe ni, ka tafi.

A nan ne maganar ta koma ta kuɗi. Ƙa'idar Yaya tsayawa ce a gaɓar farko, saboda haka iyakar kaucewarta ita ce gaɓa ta biyu, b³/6. A digiri 10 baka 0.1745 ne, gaɓa ta biyu kuwa 0.00089, wato a kowace mita bai kai milimita ɗaya ba. Kaurin allin da yake zane da shi ya fi haka. A digiri 15 milimita 3 ne. A digiri 20 ya zama 7. A digiri 30 ya kai 24, a digiri 45 kuwa santimita 8 cur a kowace mita. Abin lura shi ne in ka ninka kusurwa biyu, kaucewar ba biyu take ninkuwa ba, takwas take ninkuwa, domin 2 sau 2 sau 2 ke nan. Wannan ne ya sa ƙa'idar take zaune lafiya tsawon lokaci sannan ta ɓaci kamar farat ɗaya. Kuma kullum ta sama take kaucewa, ba ta taɓa gazawa, tunda baka ya fi tsirkiya tsawo.

Da na kai masa bayanin ban ambaci sayin ba ko sau ɗaya. Na zana baka a ƙasa da guntun ƙarfe, na yi masa maganar ciniki. Ya saurara yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce: "Ashe ba ƙarya take yi ba, farashin farko take faɗa, ni ne ban taya ba." Na ce: "Haka ne, Yaya, kuma ragin da za ka nema sananne ne." Ya sa na rubuta masa a bayan ƙofar shago da alli: ƙasa da digiri 15 a yanka kawai, sama da haka a cire gaɓa ta biyu. Da gaɓa biyu, ko a digiri 30 abin da ya rage bai kai rabin milimita a mita ba. Na ƙara masa ɗan'uwan jerin, wanda ake kira kosayin, mai faɗin wurin da faranti zai ci a kan rufi: 1 − b²/2 + b⁴/24, haka har gaba. Faranti mai mita 2 a digiri 10 zai ci santimita 197. Sunan Malam Bahaushe dai bai canza ba, amma yanzu in ya faɗa a gaban yaran shago yakan ƙara da cewa su matso su ji.

Na san mai karatu zai ce, to ba ga waya ba? A danna maɓalli mana a huta. Gaskiya ne, kuma shi ma yana da waya. Amma ita kanta na'urar ba baka take zanawa ba. Tarawa da ɗebewa da ninkawa kawai ta iya, saboda haka ita ma kusantowa take yi ta tsaya a inda aka iyakance mata. Kwamfuta kan mayar da kusurwa ƙarama sannan ta yi aiki da 'yan gaɓoɓi masu kama da waɗannan, ƙananan kalkuleta da yawa kuwa suna bin wata dabara mai suna CORDIC da Jack Volder ya fito da ita a 1959. Littafin fo-figa da muka riƙa shiga jarrabawa da shi ma lambobi huɗu kawai yake bayarwa bayan ɗigo, gaɓa biyu na jerin nan a digiri 10 sun fi shi kusanci. Bugu da ƙari, waya ba ta gaya maka in an karkatar da ita. In an bar ta a kan ma'aunin baka maimakon digiri, ka danna sayin na 10, za ta ba ka −0.544 ba kunya. Wanda ya san amsar tana kusa da 0.17, kuma ba za ta kauce da ko 0.001 ba, nan take zai gane akwai matsala. Wanda bai sani ba sai ya tsaya yana tunanin yadda ake yanka ƙarfe mai tsawon da bai kai sifili ba.

Tarihin jerin ma yana da abin da ya shafe mu 'yan harshe. Aryabhata, wanda ya rubuta littafinsa a shekarar 499 yana ɗan shekara 23, wato sa'anmu, ya tsara jadawalin rabin tsirkiya na kusurwoyi 24, tsakanin kowace da mai bi mata digiri uku da kwata uku, kuma a waƙe ya zuba shi domin a haddace, kamar yadda malamanmu na zaure suka riƙa zuba fiƙihu da ilimin taurari a waƙa. A Samarkand, Al-Kashi wanda ya rasu a 1429 ya fitar da sayin na digiri ɗaya har gurabe fiye da goma bayan ɗigo ta wata hanya daban. Lambar ta fara da 0.0174524, bakan digiri ɗaya kuwa 0.0174533, bambancin bai kai ɗaya cikin miliyan ba. Shi kansa jerin, wanda aka fara danganta shi gare shi shi ne Madhava na garin Sangamagrama a yankin Kerala da ke kudancin Indiya, wanda ya rayu wajen 1340 zuwa 1425. Newton ya sake gano shi a Ingila, ya rubuta a 1669. Brook Taylor ya buga ƙa'idar da ta haɗa irin waɗannan jeri gaba ɗaya a 1715, sannan Lagrange a Faransa ya ba da hanyar iyakance abin da ya rage a 1797, wadda ke aiki ko da jerin ba mai ragi da ƙari ba ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Littafin da ya adana hujjojin jerin Madhava dalla-dalla, mai suna Yuktibhasa, wanda Jyeshthadeva ya rubuta wajen 1530, ba da Sanskirit aka rubuta shi ba, harshen da malaman Indiya suka ɗauka shi ne na ilimi. Da Malayalam aka rubuta shi, harshen da mutanen Kerala ke magana da shi a gida da kasuwa, kuma a zube. Wato cikakken bayani mafi daɗewa da duniya ke da shi a kan wannan babi, da harshen gida yake.

Hausa kuwa, da na zauna na duba, sai na ga kayan aikin da wannan babi ke bukata suna nan jibge a cikinta, har wasu sun fi na Turanci rarrabewa. Dubi kalmomin kusantawa. In an ce kusan ɗari, daga ƙasa aka doso, ba a kai ba. In an ce ɗari da 'yan kai, ko ɗari da ɗoriya, an wuce. In an ce kimanin ɗari, ko wajen ɗari, ko misalin ɗari, ta kowane gefe yana yiwuwa. Ga kuma kalmomin iyaka: bai wuce kaza ba, bai gaza kaza ba, a ƙalla, iyakarta ke nan. Sannan ita dabarar a wuce a dawo, wadda ita ce ran jerin, tana cikin ƙirgarmu tun fil azal. Tsofaffi kan ce ashirin ba ɗaya maimakon goma sha tara, talatin babu biyu, ɗari gaira biyu. Mu ma kullum muna cewa ƙarfe uku saura kwata. Wanda ya ce ashirin ba ɗaya ya faɗi gaɓar farko, ta wuce, ya cire ta biyu. Mai yiwuwa don ni daga waje na shigo harshen shi ya sa irin waɗannan abubuwa suke tsone mini ido. Wanda aka haifa a ciki yakan wuce su kamar yadda mutum ke wuce ƙofar gidansu bai san launinta ba.

Abin da ya yi ƙaranci shi ne kalmomin fannu da aka zauna aka amince da su. Sashenmu yana da Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, aka buga a 1990, kuma da shi muke cewa wasali da baƙi da gaɓa da ɗafi ba tare da mun tsaya bayani ba. Mai lissafin kusurwa ba shi da irin wannan gata a bakin jama'a. An san abin yana yiwuwa, domin shirin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife tun daga 1970 ya koyar da yaran firamare darussansu da Yarabanci tsawon shekara shida, har da lissafi. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa a dukkan shekarun firamare, a Nuwamban 2025 kuma aka sanar da soke ta. Ni ba zan shiga gardamar manufa a nan ba. Abin da na gani da idona shi ne yaran shagon walda ba su jira manufa ba, da Hausa suke aiki ko an so ko an ƙi, kuma rabinsu irina ne, ba ita ce harshensu na gida ba. In ba a kai musu bayani da ita ba, to ba a kai musu ba ke nan.

Ga kalmomin da muka tsayar ni da abokina, domin masu karatu su yi musu hukunci. Baka da tsirkiya da kibiya ba su da gardama. Sayin ni rabin tsirkiya nake kiransa, domin yaro yana jin sunan zai ga hoton, kuma sunansa ne na asali kafin rashin wasali ya jefa shi aljihu. Abokina ya fi son a bar shi sayin saboda shi ke rubuce a jikin waya da takardar jarrabawa, kuma hujjarsa tana da ƙarfi, saboda haka muka yarda a koyar da su tare. Jerin kansa muka ce jerin ragi da ƙari. Inda muka fi daɗewa shi ne sunan tazarar da ke tsakanin inda ka tsaya da amsar gaskiya. Shi kuskure ya ce, tunda haka Turawa ke kiranta, kuma kalmar ta dace da baka, domin maharbi ne ke kuskure abin da ya auna. Ni na ƙi. A kunnen mai jin Hausa kuskure yana ɗauke da laifi, abu ne da ake ba da haƙuri a kansa, alhali mai waldan da ya tsaya a gaɓar farko a digiri 10 da gangan ya tsaya, yana sane da abin da ya bari da girmansa. Saura na zaɓa, kamar ta saura kwata, iyakarta kuma iyakar saura.

Guda ɗaya ce har yanzu ba ta zauna mana a baki ba, wato sunan awon kusurwa da tsawon baka, wanda Turawa ke kira radiyan. Ma'aunin baka muke cewa, amma ta yi tsawo, kuma ba ta ƙirguwa: ana cewa digiri goma, ba a cewa ma'aunin baka ɗaya da rabi sai harshe ya sarƙe. Muna neman kalma mai gaɓa biyu ko uku, wadda lamba za ta iya bin bayanta, kuma wadda yaron shago zai iya ƙwala wa maigidansa ita a cikin ƙarar janareta. Duk wanda ke da ita, ko daga Sakkwatanci ne ko Katsinanci ko Guddiranci, ya miƙa wa editan wannan mujalla kafin fitowa ta gaba.